Jegon Ramatu da Sunan Ɗan Shugaba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Sulhu Tsakanin Ma'aikata da Kamfanoni,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa. Ya aiki, ya kuma jariri?

Shekaranjiya kana cikin yi mini bayani, gilashi a kan karan hanci, cewa shari'a ba ta jiran kowa, sai mamaki ya kama ni. Ban san da wannan doka a ɗakinka ba sai ranar. Ga amsata a fili, tunda a ciki ba a ba ni dama ba.

Ni tafinta ce a wani kamfanin fata da ƙirgi a unguwar Chagoua, ina juya Faransanci da Larabci da Hausa tsakanin darakta da fatake. Mahaifiyata ta kwanta asibiti, darakta ya ba ni izinin jinya da bakinsa. Da na dawo sai na tarar an kore ni, an rubuta a takardar sallamata cewa na gudu daga aiki. Da wannan takarda ko shara ba mai ɗauka ta. Mutum ɗaya ce ta ji ana ba ni izinin: Ramatu, mai buga masa tafireta.

Na farko. Kamfani ya nemi a ɗage zama saboda lauyansa yana Paris, ka ɗage. Darakta ya tafi Umra, ka ɗage, har ka sa albarka. Aka yi ruwa, aka ce motarsa ba za ta iya titin Kabalaye ba, ka ɗage. Motar nan kuwa da ita yake shiga daji sayen fata. Ni ranar daga unguwarmu Sabangali na taka, takalmi a hannu. Duk zaman nan Ramatu tana zuwa, alhali har yanzu a ƙarƙashin daraktan take cin abinci. Da ƙaramin ciki ta fara zama a bencinka. Ta ci gaba da zuwa har sai da benci ya yi mata kaɗan, ba a taɓa tambayarta ko sunanta ba.

Na biyu. Wata safiya muka zo muka sami ƙofa a rufe. Masinja ya ce mana "ambakir", wato gobe, Shugaba yana suna a gida. Ba mu yi ƙorafi ba. Barka muka aika.

Na uku. Ramatu ta haihu. Gwaggonta ta zo daga Damagaram ta kafa tukunyar wanka, ruwan zafi safe da yamma, ga kunun kanwa, ta kuma zauna a bakin ƙofa. Duk wanda ya san gidajenmu ya san mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, ko Gwamna ne ya kira. Sai na nemi ɗagewa, ta farko tun da na shigar da ƙara. Nan take lauyan nan na Paris ya tuna cewa lokaci yana da tsada, ya miƙe ya yi huɗuba a kai har da gumi. Kai kuma ka ce haihuwa ba ta cikin dalilan da doka ta sani, ka rufe sauraro ba shaida.

Na yi jami'a, ranka ya daɗe, amma na yarda akwai darasin da ya wuce ni. Ban san cewa wanda ya yanka rago ya fi wadda ta yi naƙuda bukatar hutu ba.

Na huɗu. Ba na ƙin a hana ɗage zama. Da ka hana tun farko, da Ramatu ta ba da shaidarta tun kafin cikin ya fito, da yanzu ina bakin aiki. Abin da ban gane ba shi ne ƙa'idar da ta yi barci duk tsawon damina, ta farka ranar da na buɗe baki.

Roƙona kaɗan ne. Kada ka yanke hukunci sai ka ji Ramatu. In jiran arba'in zai karya shari'a, ka tura magatakardanka gidansu. Gwaggo ta ce ya zo, za a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya rubuta abin da ya ji, har kunu zai samu. Nan gaba kuma duk wanda aka ɗage wa zama, a faɗi dalili a gaban abokin ƙararsa, mu ma mu koyi irin uzurin da ke karɓuwa.

Da na fito ranar, masinja ya ja ƙofa ya rufe a bayana, ya ce "ambakir" saboda sabo. Na gode masa, na kama hanyar gida. A ginin nan shi kaɗai ya taɓa ba ni gobe.

Allah ya ƙara maka girma da basira, ya raya yaro. Allah ya ba Hajiya, uwar yaron, lafiya. Ka gaishe ta, na san ba ta fara fita ba tukuna, ita ma ba ta yi arba'in ba.

Wassalam.

Hadiza,
Sabangali.