Jakina Ne a Kabarin Bayan Ceɗiya

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. A sakaya sunana, kuma mai shirin zagina ya tuna na girmi ubansa. Bokona a aji biyu ya tsaya, da na lura bulala ta fi alli yawa a hannun malami, to a yi haƙuri da rubutun.

A unguwarmu nan Jimeta akwai filin kowa da kowa. Nan muka tsaya aka ɗaga tutar 'yancin kai, nan yara ke ƙwallo, mu tsofaffi kuma muna dara a gindin wata ceɗiya. Bana sai ga ma'aikata daga Maiduguri, hedkwatar jiharmu, sun kafa turaku, wai firamare za a gina. Unguwa ta rabu biyu. Maƙwabcina Ticha Yohanna, ɗan ƙabilar Bacama ne, shi ke gaban masu so, don jikokinmu sai sun tsallaka babban titi suke zuwa makaranta. Ni kuwa, kunya ko ba kunya, inuwata nake ji. A taron ƙofar Jauro, mai unguwarmu, na gyara murya na ce, "Ku gina, amma tudun nan na bayan ceɗiya kabari ne." Ai ban yi ƙarya duka ba. Jakina ne a ciki, ni na binne shi tun zamanin Turawa.

Sai Jauro ya ce, "Bappa, kabarin wa?" Bakina ya riga hankalina, na ce na Hammadu mai kwale-kwale, wanda kogin Binuwai ya ci ba a ga gawarsa ba. Wa zai ƙaryata ni? Ashe ɗansa Buba mahauci yana zaune a bayana. Ya ce, "Me ya hana ku gaya wa innata?" Na ce ruwa ya ɓata gawar, ba mu so ta gani ba. Ka ga ƙarya ta haihu ke nan a gabana, ko ungozoma babu.

Buba ya kewaye tudun da duwatsu, ya ɗauko tsohuwarsa Goggo Dija daga Yola Gari. Ta durƙusa ta yi addu'a har muryarta ta dushe, ta yi mini godiya da Fillanci, ta ce, "Useko, kai ka sa mijina a ƙasa." Kullum sai Buba ya aiko mini da tsoka. Naman ba ya mini daɗi, amma ina ci, kada ya yi zargi.

Yanzu magana ta bar wasa. Buba yana wuni a wurin da wuƙar fawarsa, ya ce duk wanda ya sa diga shi ma nan zai kwanta. Ana yawo da zancen wai Kirista ne ke so a tone kabarin Musulmi, har an jefi kwanon ɗakin Ticha, matarsa ta kwashe yara zuwa Numan. Ticha ya same ni ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah, mutum ne a ciki?" Na ce, "Ticha, ka taɓa ganin na yi ƙarya?" Ya ce, "Kullum, a dara." Bai yi dariya ba.

Jauro ya yanke cewa ranar Asabar zan dafa Alƙur'ani gaban liman. In na rantse, makaranta ta tafi, Ticha ya zama abin nuni, ni kuma da wane ido zan shiga nawa kabarin? In na ƙi, za a tona, kuma kan jaki ba ya kama da na kowa. In na faɗi gaskiya, na sake jefa wa tsohuwa mijinta a ruwa, ga Buba da wuƙa.

Jiya Goggo Dija ta aiko a roƙe ni, wai tunda ni na san inda kansa yake, in ta rasu in nuna gefen da za a kwantar da ita kusa da shi.

Jama'a, me zan yi?