Na Ce Wa Mahaifina Amana Ce, Ya Dangwala Hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu ilimin shari'a a cikinku, domin ni kaina ya ƙulle.

Ni ɗalibi ne a nan Guangzhou, shekarata ta uku ina karanta Sinanci. Mahaifina, Alhaji, ya daɗe yana lodin takalma daga kasuwar Zhanxi Lu da ke nan garin zuwa Kano, yana da kamfani mai rajista a Hong Kong. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana ma sai a hankali. Ƙaninsa, Baffa, ya ɗauke shi zuwa gidansa a unguwar Panyu, ni ma na koma can. Shi ke kai shi asibiti, shi ke ba shi magani, fasfonsa da wayarsa duk suna hannunsa. Ko abokan cinikinsa 'yan Maraɗi suka zo dubiya sai ya ce yana barci.

Da wasannin Olympics suka matso aka tsananta biza, aka ƙi sabunta ta Alhaji. Kullum Baffa yana gaya masa idan ya koma gida bai yi tsari ba, dukiyar watsewa za ta yi, mu 'ya'yansa mu tashi a tutar babu. Saura kwana huɗu tafiya sai ya kawo lauya da takarda shafi goma sha tara, wai trust na iyali, kamfanin ya koma hannun Baffa yana juya shi dominmu. Alhaji ba ya jin Turanci, aka ce ni in fassara.

Na karanta ta tsaf, har da ƙamus. Na ga layin da ya ce ba a warware ta har abada, kuma Baffa ne kaɗai zai zaɓi wanda za a ba da wanda za a hana. Na fara bayani ina in'ina, Baffa ya ce kar in wahalar da marar lafiya da dogon Turanci, in faɗa masa a kalma ɗaya. Na ce, Alhaji amana ce. Ya ce to ai amana ba komai, ranar da ya warke zai karɓi abarsa. Na ji shi sarai, na sunkuyar da kai. Ya dangwala da hannun hagu, ni kuma na sa hannu a ƙasa cewa na fassara masa komai, ya fahimta.

Yanzu Alhaji ya samu sauƙi a Kano, yana takawa da sanda. Ya kira Baffa ya ce a maido masa amanarsa, Baffa ya ce babu wannan a takarda, a tambayi ɗan bokon da ya karanta. Yayata ta goyi bayan Alhaji, washegari Baffa ya ce ta fita daga cikin waɗanda za su amfana.

Na sami wata lauya a ɓoye. Ta ce kotu tana iya rushe irin wannan idan aka nuna an rinjayi mutum yana cikin rauni, a hannun wanda ya dogara da shi, ba shi da lauyan kansa. Amma sa hannuna shi ne babbar hujjar Baffa. Dole in rantse cewa abin da na shaida ba gaskiya ba ne, kuma ba ta lamunce mini cewa abin ba zai shafe ni ba. Ga shi har yau a gidan Baffa nake, kwano ɗaya muke ci.

Alhaji bai san na ga wannan layin ba. Cewa yake Turancin lauyoyi ne ya fi ƙarfina, har haƙuri yake ba ni. Sau uku ina kiransa don in faɗa, in ƙare da tambayar jikinsa, ina tsoron jininsa ya sake hawa.

Shin in fara gaya masa, ko in bari sai an shiga kotu ya ji? Idan kuma na ci gaba da shiru ya rasa abin da ya tara, a addinance shaidar zur na yi? Don Allah ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi, ba ni da wanda zan tambaya a nan.