Gurun Baffa a Cikin Hoto

Daren Laraba, Unguwar Hajji, Karaye

Na gaji tilis. Tun asuba na kai Baffa asibiti a Kano a ɗauki hoton bayansa, duk ramin da mota ta faɗa sai ya cije leɓe. Muka yini a layi. Da hoton ya fito, likita ya nuna mini wani farin abu da ya rufe ƙashin ƙugu, daidai wurin ciwon. Ashe ƙarfen gurun Baffa ne, wanda mahaifinsa ya ɗaura masa tun yana kiwo a Rogo.

Na ce, "Baffa, me ya hana ka cirewa?"

Ya ce, "Riga aka ce in tuɓe, na kuwa tuɓe."

Na ɗaga masa murya a gaban mutane. Masu hoto sun tashi, sai mun koma Litinin.

Bayan isha'i ya kira ni, ya kwance gurun da kansa ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe mini. Wata uku rabon goshina da ƙasa a sallah."

Ga gurun nan a gefena, da sauran ɗumin jikinsa. Har yanzu ban ba shi haƙuri ba.