Sunanmu Ya Yi Wutsiya

Litinin, 3 ga Mayu, 1847

Baba ya sayi wani kududdufin agwagi a bayan garin Rouen, yau ya liƙa sunan kududdufin a jikin namu. Mu ba Gosselin ba ne kuma, wai Gosselin de la Mare, wato na kududdufi, suna mai wutsiya irin na masu sarauta. Mutumin da ya raine ni da zagin masu sarauta! Yanzu da masaƙarsa ta yi ma'aikata ɗari, kwaɗayin zama su ya kama shi. Tir.

Juma'a, 7 ga Mayu

Kaka Perrine, mahaifiyarsa, ta yi dariya har da tari. "Ɗan nan, da kuɗin kifina na yaye ka. Ka sa de la Sardin mana!" Ni kaɗai na taya ta.

Lahadi, 16 ga Mayu

Gwamna da matarsa za su zo cin abinci ranar Alhamis. Baba ya ce Kaka ta zauna a kicin, hannunta na ƙarnin kasuwa. Kifin da ta bar sayarwa tun ina goye.
Na rantse mata ni zan ja mata kujera kusa da tawa. Ta ce, "Honorine, ci da bakinki, bar rantsuwa."

Talata, 18 ga Mayu

Inna na koyon magana ta hanci irin ta masu sarauta a gaban madubi. Abin ƙyama.

Alhamis, 20 ga Mayu

Ban ja kujerar ba. Lokaci ne ya ƙure.
Matar gwamna ta yaba rigata, ta ce in zo rawar gidanta. Ana cikin haka Kaka ta shigo da kwanon miya, da tsohon ɗankwalinta. Matar ta ce, "Wace ce wannan tsohuwa mai fara'a?"
Ba Baba ne ya amsa ba. Ni na amsa. Na ce wadda ta yi renona ce.
Kaka ta dube ni, ta russuna. "A ƙara miya, ranki ya daɗe?"

Asabar, 22 ga Mayu

Kaka ta koma gidan ƙanwarta a bakin kogi. Baba ne ya jawo duk wannan, shi da kududdufinsa.
Na amsa gayyatar matar gwamna a rubuce. Sau uku na sake sa hannu, wutsiyar d ɗin de la Mare ba ta fito da kyau ba.