Tsuntsayen da Na Ƙi Kallo

Gidan haya na bakin fadama, yamma da Tønder,
Laraba da safe.

Zuwa ga Bodil, sanyin idanuna, fitilar tsufana, furen da ya ƙi sunkuyawa bayan duk furannin fadama sun miƙa wuya ga sanyi. Ke da kika shigo rayuwata yadda teku ke komowa kan yashi, sannu a hankali, ba hayaniya, sai da na waiga na ga babu sauran tudun da zan tsere. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ba shi da kowa sai ke, ina kuma shaida miki tun ban yi nisa ba cewa raina a ɓace yake.

Jiya da safe na fito daga wanka na tarar ba ke, ba jakarki, sai kofinki a kan tebur, ko ɗauraye shi ba a yi ba. Jes, mai gidan nan, shi ya kai ki tashar jirgin ƙasa a motar da yake ɗaukar tumakinsa, bai kuma ga ya dace ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Sau huɗu na buga waya gidan ƙanwarki Ellinor a Kolding, sau huɗu tana ce mini, "Tana wanka, Ejvind." A na huɗun na tambaye ta ko ruwan garinsu bai ƙare ba, sai ta katse wayar. Shin haka ake yi wa mutum mai shekara saba'in da huɗu? Haka ake barin dattijo da kujera biyu, faranti biyu, da keken haya biyu, ɗaya a jingine yana kallonsa kamar mai tuhuma?

Na san abin da za ki ce: jadawalin. To, bari mu yi maganarsa, domin ban yarda an yi masa adalci ba. Wata biyu na yi ina tsara shi daga ɗan littafin baƙi da masu gidajen hutun nan suka aiko mini, kuma ba don shi ba, da rabin abin da muka gani ya wuce mu. Wa ya sa muka isa tsohon injin niƙan nan mai fukafukai da iska ke juyawa kafin bas ta sauke mutum hamsin a ƙofarsa? Wa ya sa muka hau hasumiyar coci sama na garau, har kika hango tsibirai? Gaskiya ne, da muka sauko na tsayar da mai tikiti na shaida masa matakalar ɗari biyu da goma sha uku ce, ba ɗari biyu da goma da suka buga ba. Shekara arba'in na yi ina aikin safiyo, Bodil. Ƙafata ba ta iya taka abu ba ta ƙirga shi ba. Gaskiya ne kuma, a masaukin da ake jera kek iri goma sha huɗu tare da kofi, na ƙirga na sami sha uku, na sa aka kira mai dafawa. Kika taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur kika ce, "Ci ka yi shiru, tsohon ma'auni. Na sha huɗun yana cikin murhu, tsoronka ya hana shi fitowa." Na ci, na yi shiru. Amma har yau sha uku ne.

Sai dai ki tuna Alhamis, ya ke hasken safiya a kan ruwa. Ki tuna tarakta ta ja mu a kan gadon teku bayan ruwa ya janye, har ɗan tsibirin nan da tumaki suka fi mutane yawa. Kika sauka kika tuɓe takalmanki, ke da kike da jikoki shida, kika shiga laka har idon sawu, iska na wasa da furfurarki kamar kumfar bakin gaɓa. Ina riƙe da agogo ina lissafin komowar ruwa, sai kika juyo kina dariya, da 'yar ƙaguwa a tafin hannunki. A wannan lokacin na manta ko ƙarfe nawa. Ni, Ejvind Skovgaard, na manta ko ƙarfe nawa! Sai da direban ya danna mana hon sau biyu. Ban gaya miki ba a ranar, domin ban sami inda zan sa maganar ba.

Yanzu ga Litinin. Shekara bakwai da suka wuce, ranar da aka zaunar da mu kusa da juna a ƙungiyar mawaƙan coci, ke kin binne mijinki, ni na binne matata, kin ce mini abu ɗaya ya rage miki ki gani a ƙasar nan: Baƙar Rana. Kin ce kina so ki ga ƙananan tsuntsayen nan, dubu bisa dubu, sun taru gab da faɗuwar rana suna murɗawa suna warwarewa a sama har su rufe hasken, kafin su zube cikin ciyayin fadama su kwana. A ranar na rubuta shi a littafin aljihuna. Don wannan kaɗai na kama gidan nan. Injin niƙa da hasumiya duk rakiya suka yi.

Da hantsi Jes ya jingina da shingenmu, lofe a baki, ya ce, "Malam safiyo, kada ka kai ta dandamalin kallon tsuntsaye na bakin madatsar teku. Shaho ya dame su, kwana uku ke nan sun koma bayan filin tumakina. Ku zo ku zauna a kan tirelata." Na nuna masa littafi, shafi na tara, ga taswira, ga alamar tauraro. Ya ce, "To, Allah ya sa tsuntsayen sun karanta." Ke kuma kika ce, "Ejvind, shekara talatin da biyar ina karɓar haihuwa, ban taɓa ganin jaririn da ya zo don an rubuta masa rana ba. Mu bi mai tumaki." Ban bi ba. Na riga na je dandamalin sau biyu a ɓoye, na auna inda rana za ta faɗi, na zaɓi bencin da ba ya rawa, na goge shi da hankicina.

Sauran kin sani. Awa ɗaya da minti ashirin muna zaune iska na yankar kunnuwanmu, muka ga agwagwa goma sha ɗaya da wani Bajamushe mai kyamara. Can nesa, daidai bayan filin Jes, wani abu kamar hayaƙi ya tashi, ya lanƙwasa, ya kwanta, shi ke nan. Kika bi shi da kallo har ya ɓace. Ni kuwa, da yake Allah ya hore mini baki, sai na buɗe shi na ce, "Bisa ga littafi dai, mu ne a wurin da ya dace." Ina jin maganar tana fita na so in kamo ta, amma ta riga ta isa kunnenki.

Ga abin da ba ki sani ba. A cikin jakar madubin hangen nesa da na hana ki taɓawa, har kika ce na fi son ta da ke, akwai zobe. Na mahaifiyata ne. Na kai an rage shi daidai yatsanki, wanda na auna da zare ranar da kika yi gyangyaɗi a jirgi. Na tsara in durƙusa lokacin da sama ta yi baƙi, a kan gwiwar dama, domin ta hagun ba ta lanƙwasuwa. Shin a kan tirela mai warin tumaki zan nemi auren mace irinki, Jes na tsaye yana busa hayaƙi yana ba da shawara? Abin da ya hana ni ke nan. Na so wurin ya dace da darajarki, sai na ɗauke ki na kai ki inda babu komai.

Jiya da yamma tsuntsayen suka zo. Ba su tsaya bayan filin ba. Ta kan rufin gidan nan suka bi, marasa kunya, kamar an aiko su su yi mini dariya. Ina zaune a kicin sai ɗakin ya yi duhu, na ji wani sauti kamar ruwan sama mai ƙarfi a kan ganye, alhali ko ɗigo babu. Jes ya doki taga ya ce, "Fito, dattijo, ga baƙinka sun biyo ka har gida." Bodil, tashi na yi na ja labule. Na juya wa tagar baya na zauna har sautin ya mutu. Minti goma sha tara. Jes ya ce tunda yake bai taɓa ganin mahaukaci irina ba, na ce masa ya rubuta ya kawo in sa hannu. Me zan yi da sama cike da fukafukai idan ba kya gefena kina matse mini hannu? Fuskar wa zan juya in kalla? Abin naki ne, ba kuwa zan riga ki gani ba.

Yau, bisa tsari, ya kamata ƙarfe tara ta same mu a kan keke a bisa ganuwar teku, sha ɗaya kuma a gidan tarihin masu saƙa leshi. Ga ni zaune. Fadama ta yi launin zinariya don ta ƙara ba ni haushi, agwagin daji suna wucewa biyu-biyu, hatta iska ta kwanta yau da babu mai bukatar ta kwanta. Ke ce ɗumin ɗakin nan, ke ce gishirin abincinsa, kuma tun tafiyarki ban gyara wa kowa kuskure ba, domin babu wanda zai taka mini ƙafa.

Jes ya ce iskar arewa na tafe, da ta iso kuwa tsuntsayen za su tashi su yi kudu. Wannan karon na yarda da shi ban nemi shafi ba. Ranar Asabar da ƙarfe goma za a ba da makullin gida. Yammacin Juma'a kaɗai ya rage mana, kuma a shekarunmu ba na son jin kalmar baɗi.

Saboda haka ba zan jira tsuntsu ba, ba zan jira gwiwa ba. Bodil, ki aure ni. Ga shi a rubuce, a kan takarda mai layi, ba faɗuwar rana, ba ado. Ba zan yi miki alkawarin daina ƙirga ba, domin ƙarya ba ta kamaci tsufana ba. Amma zan riƙa ƙirgawa a zuci. Zan hau tirelar Jes in zauna inda kika nuna, ko a kan buhun dusa ne. Duk ranar da littafi da mutanen wuri suka saɓa, wanda kika bi shi zan bi. Idan kuma amsarki a'a ce, ki zo duk da haka ki ga tsuntsayenki. Zan tsaya daga nesa in riƙe miki filas, ba za ki ji bakina ba.

Wasiƙar nan za ta same ki gobe. Na san jiragen da ke zuwa daga arewa ranar Juma'a, na san wanda ya fi dacewa, da tashar da za ki canja, da gefen da ya fi daɗin zama. Hannuna ƙaiƙayi yake yi in rubuta miki su. Ba zan rubuta ba. Ki hau wanda kika ga dama. Zan kasance a tashar Tønder tun kafin na farko ya shigo, da hulata a hannu, ba kuma zan bar wurin ba sai na ƙarshe ya sauke mutanensa.

Naki ke kaɗai, mai riƙe da amanarki har ranar da wani zai auna masa ƙasarsa ta ƙarshe,

Ejvind.