Inna, Wa Zai Sa Hannu a Kan Jaririn Hajara?

Zuwa ga mahaifiyata, Allah ya haskaka makwancinki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina sanar da ke na gama karatun shari'a a nan Alƙahira, sakamako ya fito, kuma na ci. Na fara da wannan ne don ki yi farin ciki, domin sauran wasiƙar tambaya ce. Kin san ban iya zama da abin da ban gane ba.

A saman ɗakin da nake haya a unguwar Hayyin Ashir akwai Malam Habu, mutumin Gusau, direba a wani ofishin jakadanci, da matarsa Hajara. Ta haihu a asibiti. Larabcinsu na cefane ne, bai kai na likita ba, sai aka kira ni tafinta.

Inna, likitan ya ce halittar jaririn ba ta nuna namiji ne ko mace ba. Abin da muke kira mata-maza. Ya ce akwai maganin da za a fara nan take, don wasu irinsu jikinsu na zubar da gishiri. Akwai gwajin jini da zai ɗauki lokaci. Sai aikin tiyata, wanda ana iya yinsa da wuri, ana iya jinkirta shi. Na sa ya maimaita min wannan na ƙarshen, don ina tsoron in ƙara ko in rage.

Ashe Malam Habu tuni ya je gidan waya ya shaida wa 'yan gida an sami namiji, har ya ce sunan mahaifinsa zai sa. Ya ce min, "Malam Sule, an riga an yi guɗa a Gusau. Ka ce wa likita khalas, magana ta ƙare, a gyara min shi namiji." Na faɗa yadda ya ce. Likita ya ce tiyata sai da sa hannun uba, shi ne waliyyi, na uwa ba ya wadatarwa. Hajara na kwance, ta ɗago kai ta ce, "Tambaye shi, nonon da yake sha ma sai Malam ya sa hannu?" Wannan ma na fassara, kunya kamar ta kashe ni. Likitan ya yi dariya ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, haka doka take.

Kuma gaskiya ya faɗa. Reno na uwa ne, walicci na uba. Na karanta babin, na ci shi a jarrabawa. Amma da na dawo ɗaki na buɗe babin mata-maza, sai na ga malaman da sun ce a duba alamu, in sun rikice a jira balaga. Wato sun bar wa yaron kansa wani kaso a cikin maganar. Ba wanda ya taɓa tambayarmu a aji ko uba na da ikon yanke wannan jiran da alƙalami. Na duba littattafan da nake da su, ban sami amsa ba, ba kuma zan ce babu ita a wani wuri ba.

Sai na tuna ke. Shekarar da na yi ta rama, Baba ya kira wanzami don ya cire min beli. Kika goya ni, duk da ƙafafuna na jan zanenki, kika tafi da ni gidan Kawu. Na ji kina ce wa Baba a zaure, "Ɗanka ne, ban musa ba, amma a bayana yake kwana." Ban taɓa tambayarki ba, Inna: kin san kina da haƙƙi ne, ko kuwa tsoro ne kawai ya ɗauke ki? Da wanzamin ne ke da gaskiya fa?

Ana jibi suna Malam Habu ya sauko wurina, fuskarsa a yamutse. Mai sayar da raguna ya tambaye shi namiji ne ko mace, domin maƙwabtanmu Misirawa biyu suke yanka wa namiji, ɗaya ga mace. Ya juyo bai saya ba. Na ce masa a mazhabarmu ta Malikiyya ɗaya ne, ko namiji ko mace. Wannan kam na tabbata, na nuna masa wurin. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Wato ragon ma bai tambaya ba."

An yi suna a saman bene, maƙwabtanmu 'yan Sudan suka taya mu fiɗa. Aka raɗa wa jaririn suna Ihsan, sunan da nan ake ba maza da mata. Malam Habu bai sa hannun ba. Ya aike ni in ce wa likita a ci gaba da magani, wuƙa kuwa ta jira gwaji, ta kuma jira bakin uwar jaririn. Ban san ko zai tsaya a kan haka ba in surutu ya yi yawa.

Gobe zai buga waya Gusau ya faɗi gaskiya, ya ce in raka shi. Na ce ai can ba a buƙatar tafinta. Ya ce, "Ba fassara nake so ba, ka dai tsaya kusa."

Zan je, Inna. Allah ya raya Ihsan cikin lafiya, ya nuna wa iyayensa abin da ya fi masa alheri. Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanki mai yawan tambaya,
Sule