Ruwan Kanal da Saurin Abuzar

Kura, Maris 2006

Zuwa ga Yaya Sammani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Indo da yara a can Fatakwal. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau, an fara cire tumatir, Inna ma ƙafar tata ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa.

Maganar ɗanka na wajena, Abuzar, ce ta sa na rubuto. Ka san tun da aka ɗauke shi cikin 'yan wasan iyo a Kano, gajeren zango babu yaron da ke taɓa bango kafin shi. To tun bayan damina ya fara ja baya. Ya shiga ruwa da ƙarfinsa, kafin ya kai rabi hannu ya mutu. Kocinsu, Malam Iliyasu, ya ce yaron ya yi tsawo, kafaɗa ta buɗe, kamata ya yi saurinsa ya ƙaru, idan abin bai gyaru ba zai ba wani gurbinsa. Babansa ya ce lalaci ne, Inna ta ce baki ne ya kama shi. Ni dai ina kallonsa yana ramewa, ko tuwo ba ya gamawa, hankalina ya tashi ƙwarai.

Ashe yaron ya daɗe yana ganin jini a fitsarinsa. Ya gaya wa babansa, shi kuwa Maharazu, kamar sauran mazan garin nan, ya yi dariya ya ce ai girma ne ya zo, duk namijin da ya tashi a bakin kanal ɗin ban-ruwa sai ya gani. Har tsire ya saya masa na murna! Sai da koci ya zaunar da shi ya yi ta tambaya, sannan ya kai shi asibiti. Likita ya ce tsargiya ce daga ruwan kanal, ita ke shanye masa jini, da an ƙara sakaci da ta lalata mafitsara. Aka ba shi ƙwayoyi da maganin ƙarin jini, aka hana shi shiga kanal.

Yaya, makon jiya aka yi gwajin zaɓen 'yan wasa, ya zo na biyu, gurbinsa na nan. Wallahi ni ba na biyun ne ya sa ni kuka ba, dawowar da ya yi ya cinye tuwo har ya nemi ƙari. Washegari Maharazu da kansa ya kwashi ƙannen Abuzar zuwa asibiti.

Jiya ina dawowa daga gona na hango shi a bakin kanal ɗin da ka koya masa iyo, abokansa suna ta kiransa daga cikin ruwa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zaga ta kan gada.

Ka gaishe da Yaya Indo, da Lukmanu, da 'yar auta Yusra. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Talatu